Tashin Gwaggo Daga Nesa

Ranar Talata ce, tun da gari ya waye ake ruwa, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ina zaune a ƙofar falo ina kallon indararo yana cika bokitin Mama, sai ga Gilashi ya shigo da gudu, ya cusa wata leda a cikin rigarsa ya rungume kamar mai ɓoye jariri.

Gilashi ƙanin matar Yayana ne. Kafin ya zama surukinmu kuwa benci ɗaya muka zauna da shi a sakandare, har shekarar da na ajiye jakata na ce na gaji. Shi ya ci gaba, ya karanta kwamfuta. Ni na taɓa walda, na taɓa gyaran waya, na bi motar kaya, yanzu ina wankin mota a bakin titi ranar da na ga dama. Mama tana cewa tafin ƙafata ƙaiƙayi yake yi.

"Auta, ina Gwaggo?" ya ce, yana goge tabaransa da gefen riga.

"Tana barci. Me za ka yi mata?"

"Yaya ne ya aiko ni."

Yaya. Ba ma "Yayanku" ba. Na dube shi, na tashi na buɗe masa ɗakin.

Gwaggo wata tsohuwar kwamfuta ce baƙa, mai tsayin jarka, ba allo ba komai, tana tsaye a lungun ɗakin Yaya tsakanin gado da bango. Yaya yana ce mata saba, wato kwamfutar ajiya. Mama ce ta raɗa mata Gwaggo, don in an tashe ta sai ta yi ɗan kuka, ƙiit, sannan ta yi ta gurnani da ƙunƙuni kafin ta yarda ta yi aiki. Yaya awon ƙasa yake yi wa wani kamfanin hanya can nesa, shi da matarsa suna can. Laftof ɗinsa ba ta iya ɗauke kayan aikinsa, taswirori da hotunan da ɗan jirginsa mara matuƙi yake ɗaukowa daga sama. In ta cika sai ya turo su gida ta intanet, su shiga cikin Gwaggo, ya share na wurinsa. Hotunan gidanmu ma duk suna cikinta, har da bidiyon marigayi Baba yana koya min keke, yana gudu a bayana da takalmi ƙafa ɗaya. Yaya ne ya ɗauka, ana jin dariyarsa a ciki.

Mama ba ta yarda a bar Gwaggo a kunne ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da nata, gurnanin yana hana ta sakewa. In an kashe kuwa sai ta lulluɓe ta da wani tsohon labule mai kauri, kamar yadda take lulluɓe keken ɗinkinta da talabijin. Mama ba ta iya ganin ƙura a kan abu ta yi shiru.

Saboda haka tashin Gwaggo ya zama aikina. Duk aikin da na kama a duniya na sake shi, ban da wannan. Wayata za ta yi ƙara, in ga sunan Yaya.

"Auta, kana ina?"

"Ina nan."

"Ina ne nan? Kai kullum kana nan. Je ka tasar min Gwaggo."

Ko ina tsakiyar wanke mota sai in ajiye soso in taho. In yaye labule, in danna maɓalli. Gwaggo ba ta da gaggawa, sai ta gama ƙunƙuninta kafin Yaya ya gan ta daga can, shi kuma ba ya kashe wayar. A wannan jiran muke hirarmu. Ya tambaye ni ƙwallon jiya, ya tambaye ni ko na sake faɗa da Ogan wankin mota, ya ba ni labarin direbansu da yake tsoron shanu. Wani lokaci Gwaggo ta daɗe da tashi muna can muna musu a kan mai tsaron gida, sai ya ce, "Kai, ka shagaltar da ni, aiki fa zan yi."

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. A bayan Gwaggo, wurin da wuta take shiga, akwai wata 'yar fanka a bayan raga. Ta tsufa. In an kunna sai ta yi rawa ta tsaya cak, sai na zura bututun biro ta cikin ragar na zungure ta, sannan ta ɗauki juyi. Ban ɓoye don wani abu ba da farko. Ƙaramin abu ne, ina yi in manta. Bututun ma a aljihuna yake kwana.

Gilashi ya durƙusa a gaban Gwaggo ya kwance ledarsa. Wani ɗan akwati ne a ciki, bai fi kwalin ashana biyu ba, da kebul shuɗi. Ya jona shi da rautar intanet da ke kan taga, ya ɗauko allon talabijin ɗinmu ya haɗa da Gwaggo, ya yi ta danne-danne. Mama ta zo ta tsaya a ƙofa da kofin shayin da ta kawo masa. Kofin Yaya ne, mai hannu a karye, wanda ko ni ba a ba ni shi.

"Ɗana, me ake yi mata kuma?"

"Kunne ake sa mata, Mama," ya ce. "Ko an kashe ta, akwai ɗan wani sashe a cikinta da ba ya barci, yana saurare ta wannan kebul ɗin. Shi kuma wannan akwatin ba a kashe shi, ba ya ƙara, wutar da yake sha ba ta kai ta cajar waya ba. Yaya zai taɓa wayarsa daga can, akwatin ya ji, ya raɗa wa Gwaggo lambarta, sai ta tashi."

"Wato ɗan aike ka kawo mana."

"Shi ke nan, Mama, kin ma fi ni iya bayani."

Ya kira Yaya, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan gado. Ya kashe Gwaggo, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

"To Yaya, taɓa."

Muka zuba mata ido. Ni a raina ina cewa Allah ya sa ta ƙi. Sai ƙiit. Koren fitilarta ya kama, gurnani ya tashi, ba wanda ya taɓa ta.

Mama ta dafe ƙirji. Yaya kuwa ya fashe da dariya daga cikin wayar, irin dariyar da ke cikin bidiyon Baba.

"Injiniya! Kai, Injiniya, ka gama da ni! Ɗan aiken da ba ya zuwa kallon ƙwallo! Auta, kana ji? Ka huta. Yanzu sai ka yi yawonka ba mai nemanka."

Na yi dariya ni ma, don kowa yana yi. Na zagaya bayan Gwaggo kamar mai gyara kebul, na zungure fankar, ta ɗauka. Ba wanda ya lura.

Gilashi ya ce wa Mama don Allah a daina rufe ta da labule, tunda yanzu ba a san lokacin da za ta tashi ba. Mama ta ce to. Sannan ya juyo wurina, Yaya yana kan layi har lokacin.

"Mutumina, kai ka fi kowa sanin halinta. Akwai wani abin da ya kamata in sani?"

Hannuna yana cikin aljihu, ina murza bututun biro. Da a ce da gatse ya yi tambayar, da na ji daɗi. Amma da gaske yake yi, har da ɗan sunkuyo da kai.

"Babu," na ce. "Ai kai ne Injiniya."

Daga ranar wayata ta koma agogo. Yaya yana kiran Mama ranar hutu kamar yadda ya saba, in ina kusa ta miƙo min, mu gaisa. Lafiya lau, ya aiki, a yi ta haƙuri da Oga, ba Mama wayar. Hirar da ake yi a gaban Mama ba hira ba ce.

Gwaggo kuwa tana ta tashi abinta. Ina kwance a falo sai in ji ƙiit ta cikin bango, in san yatsan Yaya ne a can, ya tuna da ita bai tuna da ni ba. In tashi in shiga. Alkawarin Mama bai yi nisa ba, da ta ga ƙura ta kwanta a kan baƙin ƙarfen nan sai labule ya dawo. In yaye shi, in buɗe taga, in zungure fanka, in fito. Aikin nan dai ni nake yinsa kamar da, an cire min hirar ne kawai, yabon kuma an ba wani.

Abin ma ya fi na da ɗaure ni. A da duk inda nake kira zai same ni. Yanzu ba kira, sai kunne. Ni da ba na iya zaman gida na koma mai gadin bango. In na fita wankin mota hankalina yana ɗakin, in yi mota ɗaya in ce wa Oga cikina yana ciwo. Sau da yawa na dawo na tarar ta tashi ta yi aikinta ta koma, ƙarfen da ɗumi. Lokacin damina ne, garin da sanyi, shi ya sa take tsira.

Abu ɗaya ya rage min. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, Gwaggo ba ta jin raɗar ɗan akwatin sai an danna ta da hannu sau ɗaya. Sai ga kiran Yaya. Gajere ne, amma kira ne. Na zama mutum ɗaya a unguwarmu da yake murna in an ɗauke wuta. Ba a jima ba Gilashi ya zo da yamma, ya sake jona talabijin, ya canza wani abu, ya ce an wuce wurin.

"Ka ga na ƙara hutar da kai," ya ce.

"Allah ya saka," na ce. "Saura ka koya mata wanke kwano."

Ya yi dariya har da buga cinya. Wannan ma yana ba ni haushi da shi, ba ya gane an zage shi.

A ranar ne, yana shan shayi a kofin Yaya, ya ce, "Ƙafar Yaya dai ta yi sauƙi, jiya har ya taka ba sanda."

Na ce, "Wace ƙafa?"

"Au, bai faɗa maka ba? Ya zame a kan tsakuwa wurin aiki, ya gurɗe. Ya ce kar a gaya wa Mama ne kawai." Ya rage murya yana leƙen kicin. "Na ɗauka kai ka sani."

"Na sani mana. Na ɗauka wata ƙafar kake nufi."

"Ƙafa nawa gare shi?"

Na miƙe. Na fita na bar masa falon. Na yi ta tafiya a bakin titi har na wuce gidan mai, na wuce gada, ban san inda za ni ba. Ciki ɗaya muka fito da mutumin nan. Ni na riƙe masa jaka ranar da zai tafi. Yau ƙafarsa ta gurɗe, sai a bakin wanda nake ba satar amsa a aji uku zan ji.

Da na dawo Mama tana ninke kaya. Ta dube ni sau ɗaya.

"Wa ya taɓa min Auta?"

"Ba kowa."

"Wannan fuskar ta ba kowa ce? Tun da aka kawo ɗan akwatin nan kake kumbure-kumbure. In Yayanka kake nema, ba ka da lambarsa ne?"

"In kira shi in ce me?"

"Ka ce masa kai ne."

"Shi ya san inda nake."

"Kai da ubanku," ta ce, ta ci gaba da ninki. "Shi ma haka yake, ya zauna yana jiran a zo a tambaye shi abin da ke damunsa, har abincinsa ya huce."

Na sha ɗauko wayar in nemo sunansa. Sai in tuna yadda ya ce "ba mai nemanka", in mayar da ita aljihu.

Damina ta wuce, zafi ya shigo. Irin zafin da kwanon ɗaki yake ƙara shi kaɗai da rana, ruwan tanki ya koma kamar an dafa. Wata safiya Gilashi ya biyo zai tafi aiki, ya tsaya a ƙofa bai ko sauka daga babur ba.

"Yau Gwaggo za ta sha aiki. Yaya ya gama awon babbar hanyar nan, zai turo komai gaba ɗaya. Wuni za ta yi. Ya ce in faɗa wa Mama ta yi haƙuri da gurnani."

"Ya ce ka faɗa wa Mama."

"Eh."

"Ni bai ce ka faɗa min komai ba?"

Ya ɗan yi tunani, da gaskiyarsa. "Ya ce a gaishe ka."

Ƙarya yake yi, na gani a idonsa. Tausayina ya ji. Na gwammace ya mare ni.

Mama ta yi shara, ta goge ɗakin Yaya, ta rufe taga saboda ƙurar titi, ta lulluɓe Gwaggo, ta tafi duba wata ƙawarta a asibiti. Saƙon bai same ta ba, don ni aka bar wa shi. Rana ta ɗaga sosai lokacin da na ji ƙiit.

Na tashi kamar kullum. Na buɗe ƙofar, zafin ɗakin ya bugi fuskata. Labulen yana ɗan motsi, gurnani yana fitowa daga ƙarƙashinsa a dishe. Bututun biro yana hannuna.

Na tsaya a nan. Na tuna wata rana can baya, kafin in gano maganar fankar, Gwaggo ta yi zafi ta kashe kanta. Ba abin da ya same ta, ta huce na sake kunna ta. To yau ma ta yi zafi mana. Ta kashe kanta a tsakiyar babban aikin. Yaya ya taɓa wayarsa ya sake taɓawa, Injiniya ya danna duk abin da zai danna daga ofis, ta ƙi. Daga nan dole a tuna akwai mutum a gidan. Zan bari wayar ta yi ƙara sau uku kafin in ɗauka. Zan ce, "Ina nan." Zan gyara ta cikin minti ɗaya, in ce ai ƙaramin abu ne.

Na ja ƙofar na rufe. Na ƙure ƙarar wayata, na tafi wankin mota.

Ban taɓa aiki kamar na ranar ba. Na wanke motoci har Oga ya ce ko aljanuna ne suka sauka. Bayan kowace taya sai in goge hannu a wando in duba waya. Ba komai. Na ce ko netwok ne, na kira lambar Oga yana tsaye a gabana, aljihunsa ya yi ƙara.

"Kai lafiyarka kuwa?" ya ce.

Rana ta karkata. Na fara cewa ko fankar ta tashi da kanta, tana yin haka jefi-jefi. Haushi ya kama ni, wai ko ita ma ta daina buƙatata. Ina cikin ɗauraye gilashin wata farar mota wayar ta ɗauki ƙara. Na saki tiyo, ruwa ya jiƙa min ƙafa. Na ciro ta.

Gilashi ne.

"Mutumina, kana kusa da gida? Yaya ya kira ni, wai Gwaggo ta yanke ana tsakiyar aiki. Na yi ta tashinta ta ƙi. Don Allah leƙa min, ga ni nan zuwa."

Ko a nan ma shi aka kira.

Tun daga ƙofar gida na ji warin. Ba warin girki ba ne, warin roba ne da wani abu mai ɗaci da yake kama maƙogwaro. Mama ta riga ni dawowa, tana tsaye a tsakar gida da labulen a hannu, tsakiyarsa ya yi baƙi ya ƙanƙance.

"Allah ya tsare, Auta. Da gidan ne ya kama fa?"

Na shiga. Ba kore, ba gurnani. Na taɓa ƙarfen na janye hannu. Na danna maɓalli. Na sake dannawa, na riƙe. Na zura biro na zungure fankar, ta juya sau ɗaya a sake, ta tsaya.

Gilashi ya iso yana haki. Ya zare filogi, ya jira ta huce, ya kwance murfin gefe. Ya haska fitilar wayarsa a ciki ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira Yaya ya ajiye wayar a kan gado, daidai inda ya ajiye ta ranar ruwan nan.

"Yaya, akwatin wutarta ne ya ƙone. Da zai tafi kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya watsa wa faifan ajiya wuta. Duka biyun, ga tabon nan ina gani."

"Duka biyun," Yaya ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba. "Na share rabin na wurina tun da rana. Ina ganin suna shiga ina sharewa, don in samu wurin haɗa sauran."

"Laifina ne, Yaya. Fankar baya ce ta mutu, ga ta nan a ƙage. Ya kamata in duba ta tun ranar da na zo, ban duba ba."

"Ni ce na rufe ta," Mama ta ce. "Ya hana ni, na rufe. Amma ita wannan fankar ai ba yau ta fara ba. Kullum ina ganin Auta yana zungurarta da biro, in ya zungura sai ta tashi. Ko ba haka ba, Auta? Yau ne dai aka yi rashin sa'a ba ya gida."

Kare ni take yi. Har ta dafa kafaɗata.

Gilashi ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya dubi hannuna, bututun yana nan. Ya mayar da kansa cikin Gwaggo kamar akwai sauran abin gani.

"Ku ba Auta wayar," Yaya ya ce. "Ku rufe muryar."

Na ɗauka na fita tsakar gida. Abin da na wuni ina jira ke nan, ga shi a kunnena.

"Tun yaushe take haka?"

"Ta daɗe."

"Kafin a sa akwatin?"

"Eh."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"Ya tambaye ka, Auta. Ina kan layi, da kunnena na ji." Ina jin ƙarar wata mota tana ja da baya a can wurinsu. "Da ta tashi yau kana gida?"

Na dubi bokitin Mama a kife a gindin indararo, ya bushe har ya tsage.

"Ina nan," na ce.

Bai ce ina ne nan ba. Ya ja numfashi, na ji yana gyara zama, wataƙila ƙafar ce.

"Ya ƙafarka?" na ce.

"Ta warke," ya ce. "Ba Injiniya wayar."

Gilashi ya kai faifan wurin wani mai gyara a cikin gari, ya kai wurin wani, ba a samu komai ba. Bai taɓa tayar min da maganar ba, in mun haɗu sai ya ce mutumina kamar da. Yaya ya koma daji da ɗan jirginsa ya sake awon da ya riga ya gama, ƙafar ta sake kumbura. Wannan ma a bakin Gilashi na ji. Da aka haɗa sabuwar saba, a ɗakin Gilashi aka ajiye ta. Ya ce tana da fanka uku, ba ta gurnani, ba a ma kashe ta. Mama ta share lungun, ta matsar da keken ɗinkinta wurin.

Abin da aka rasa: kwamfuta ɗaya, faifai biyu, labule ɗaya. Rabin awon babbar hanya, da duk ayyukan Yaya na baya. Hotunan gidanmu, ban da guda huɗu da ke rataye a falo. Bidiyon Baba da keke, wanda babu shi a wayar kowa. Sai kiran Yaya. Bututun biron yana nan a aljihuna.